Bashin Inuwa

Ni ne Wendell, direban bas mai lamba tara
a wani ƙaramin gari na Pensilbaniya.
Shekara talatin ina zaune, duniya na wucewa ta taga,
har ranar da likita ta ɗaga hoton zuciyata ga fitila,
ta ce, "Ko ka tashi da ƙafarka, ko a ɗauke ka a kafaɗa."

Sai na tashi. Na zo gandun nan da asuba,
inda aka ce sojojin da can sun sha ƙanƙara,
wasu ba takalmi, sai tsumma a ƙafa.
Ni kuwa da takalmin dala tamanin
na kasa kaiwa igwa ta biyu.
Na dafa bakinta, ƙirjina na zuga kamar zugazugin maƙeri,
wata barewa ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da kiwo.

Gandun bai nemi ko sisi a wurina ba.
Ya ba ni hanya, ya ba ni tudun da ya koya mini ladabi,
ya ba ni inuwa a tsakiyar Yuli.
Ranar da muka rufe ƙanena Orrin
nan na zo da baƙar riga, na yi ta gudu har ta jiƙe,
babu bishiyar da ta ce mini in yi haƙuri.
Sun dai tsaya.
Tsayuwar tasu ta ishe ni.

Tsohuwata kan ce, wanda ya sha inuwa bai dasa ba
yana yawo ne da bashi a ka.
Shi ya kai ni gaban Philippa Strunk wata Asabar,
shugabar 'yan sa-kai, shekara saba'in da huɗu,
murya kamar ƙararrawar makaranta.
Ba ta tambayi sunana ba, ta miƙo baro da shebur.
Muka yaɓe bukkokin gungume da laka,
muka tuge yaɗon da ke shaƙe ƙananan itatuwa,
na dasa goma sha biyu a gefen rafi.
Barewa ta cinye bakwai. Sanyi ya kashe huɗu.
Saura ɗaya, siriri kamar tsinken tsire.

Afrilu ta zo da ranar tsere,
kuɗin lamba na gyaran rufin bukkoki ne.
Na ɗaura ɗari huɗu da sha biyu a ƙirji,
na ƙulla alkawari da agogo:
mil biyar, kafin minti hamsin su cika.
A mil na uku ina gaba da lissafi,
har na wuce wani saurayi mai jar hula,
sai ga rafin, sai ga dashena kwance,
iskar daren jiya ta tsinke masa ɗauri.

An ce ba a gudu ana susa.
Na yi taku goma gaba, ƙafa ta ƙi.
Na dawo, na durƙusa cikin taɓo,
na zare igiyar takalmin hagu,
na ɗaga shi, na ɗaure shi ga turkensa,
jama'a na wucewa kamar ruwan kwari.

Sauran mil biyun na ja su da takalmi mai hamma,
ina tuna masu tsumma a ƙafa, na haɗiye ƙorafi.
Minti sittin da uku. Mai jar hula har ya gama cin ayaba.

Philippa na bakin layi da kofin ruwa.
Ta dubi ƙafata. "Ina igiyar?"
Na ce, "Na biya bashi da ita."
Ta ce, "Tukuna.
Asabar, ƙarfe bakwai. Ka zo da safar hannu."